Zauren Tambayoyi: Alfred Lyttelton, Wanda ya Fara Yi wa Ingila Ƙwallon Ƙafa da Kurket

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka iso mana a 'yan makonnin nan sun taru a kan mutum guda da zamaninsa, don haka muka ga ya fi kyau mu haɗa su wuri ɗaya, mu amsa su bi da bi.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Gardama ce ta kaure a majalisarmu. Wani abokina ya ce an taɓa yin ɗan wasan da ya wakilci Ingila a ƙwallon ƙafa kuma ya wakilce ta a wasan kurket, ni kuwa na ce masa taura biyu ba ta taunuwa. Wa ke da gaskiya a cikinmu, kuma idan an yi, wane ne na farko?

Amsa: Malam, abokinka ne ke da gaskiya, kuma wanda ya fara yin haka shi ne Alfred Lyttelton, wanda ya buga wa Ingila ƙwallon ƙafa a 1877, sannan ya shiga tawagarta ta kurket a 1880. An haife shi a Landan ranar 7 ga Fabrairu, 1857, a gidan sarauta da dukiya. Shi ne auta a cikin 'ya'ya goma sha biyu da mahaifiyarsa Mary ta haifa wa Lord Lyttelton na huɗu, takwas daga cikinsu maza, kuma ta rasu tun bai cika shekara guda ba. 'Yar'uwar mahaifiyar tasa, Catherine, ita ce matar William Gladstone, wanda ya riƙe muƙamin Firayim Ministan Birtaniya har sau huɗu. Ya yi karatu a makarantar Eton, wadda a lokacin ta 'ya'yan manya ce zalla, daga nan ya wuce Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij, inda ya wakilci jami'ar a wasanni biyar, ciki har da kurket da ƙwallon ƙafa da jifan guduma da tsohon wasan tanis na cikin ɗaki.

Tarihinsa a ƙwallon ƙafa gajere ne, amma akwai abin lura a cikinsa. A 1876 shi da wansa Edward sun buga wa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Eton wasan ƙarshe na kofin FA, wato kofin hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, da ƙungiyar Wanderers, aka tashi kunnen doki da ci 1 da 1, aka sake karawa bayan mako guda, Wanderers ta ci su 3 da nema. Ranar 3 ga Maris, 1877, yana da shekara 20, ya sa rigar Ingila a karawarta da Sikotlan a filin Oval da ke Landan. Sikotlan ta yi nasara da ci 3 da 1, kuma Lyttelton ne ya ci wa Ingila wannan ƙwallo ɗaya. Bai sake buga wa ƙasarsa ƙwallon ƙafa ba.

Akwai wani labari da masu tarihin ƙwallo suka daɗe suna kawowa game da wannan wasa. Abokin wasansa a gaba, Billy Mosforth, ma'aikaci ne daga Sheffield, ya gaji da ganin Lyttelton yana jan ƙwallo shi kaɗai har a ƙwace, sai ya yi masa magana a kan ya riƙa miƙo masa. Lyttelton ya amsa masa da cewa shi don jin daɗin kansa yake wasa. Mai kallon ƙwallon yau zai ɗauki wannan a matsayin son kai, kuma lalle akwai girman kai na ɗan babban gida a cikin amsar, sai dai haka aka koya wa yaran Eton wasan tun farko: wanda ya sami ƙwallo ya sunkuyar da kai ya yi ta yankan abokan gaba, sauran su biyo shi a baya don su ɗauka idan ta kuɓuce masa. 'Yan Sikotlan kuwa, musamman na ƙungiyar Queen's Park ta Glasgow, sun riga sun gano cewa ƙwallo ta fi mutum sauri, suna miƙa ta daga ƙafa zuwa ƙafa. Sakamakon ya nuna wanda ke kan daidai, domin sun lallasa Ingila 7 da 2 a 1878, a wasan da Edward Lyttelton ya buga, suka ƙara mata 6 da 1 a 1881 da kuma 5 da 1 a 1882.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Yaya aka yi mutum ɗaya ya sami lokacin ƙwarewa a wasanni biyu har ya kai matakin ƙasa? Shin babu atisaye ne a lokacin?

Amsa: Malam, dalili na farko shi ne yanayin ƙasar. Kurket wasan bazara ne a Ingila, ana yin sa daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, lokacin da rana take daɗewa ba ta faɗi ba kuma fili yake bushe. Da sanyi da ruwa sun shigo sai a ajiye kayan kurket, kuma ƙwallon ƙafa ta samu gindin zama ne a matsayin abin da 'yan kurket za su riƙa motsa jiki da shi a hunturu. Ƙungiyar Sheffield Wednesday ta kurket ce tun daga 1820, sai a 1867 ta buɗe reshen ƙwallo. Derby County ta fito ne daga ƙungiyar kurket ta gundumar Derbyshire a 1884. Har a Italiya, Turawan Ingila da suka kafa AC Milan a 1899 sun sa kurket a cikin sunanta na farko, ita kuwa Genoa har yau kalmar tana nan a cikin cikakken sunanta. Wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihin ƙwallon ƙafa, wanda Sikotlan da Ingila suka tashi babu ci ranar 30 ga Nuwamba, 1872, a filin wata ƙungiyar kurket aka yi shi a Glasgow. Mutum ɗaya ma, Charles Alcock, shi ne sakataren hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila kuma shi ne sakataren ƙungiyar kurket ta Surrey mai filin Oval, shi ya sa wasan ƙarshe na farko na kofin FA a 1872 da babban wasan kurket na farko da Ingila ta karɓi baƙuncinsa a 1880 duk a wannan fili aka yi su.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, shi ne arziki. Lyttelton da ire-irensa ba su karɓar ko kwabo a wasa, kuma suna alfahari da hakan, domin suna da gado ko sana'ar da za ta bar su su kwashe kwana uku a fili ba tare da tukunyar gida ta daina tafasa ba. Leburan masaƙa ba shi da wannan sararin. A kurket an raba 'yan wasa gida biyu, masu yi don sha'awa da masu yi don albashi, kowane ɓangare da ɗakin sa kayansa, a wasu filayen ma har da ƙofar shigarsa daban, kuma ba a soke wannan bambanci ba sai a ƙarshen 1962. Saboda haka yawan waɗanda ake zaɓa daga cikinsu kaɗan ne, kuma saurayi mai ƙarfi da ido da ya fito daga Eton da Kambirij ba ya fuskantar gasar da ɗan wasan yau yake fuskanta. Wannan bai rage masa baiwarsa ba, wadda duk waɗanda suka gan shi suka shaida, amma adalci ne a faɗi cewa an share masa hanya.

Zamanin nasu bai daɗe ba a ƙwallon ƙafa. A 1883 ƙungiyar Blackburn Olympic, ta masaƙa da sauran ma'aikatan arewacin Ingila, ta doke tsofaffin ɗaliban Eton da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin FA. A 1885 hukuma ta halatta biyan 'yan wasa, a 1888 aka kafa gasar lig, daga nan wasan ya koma hannun masu cin abinci da shi.

Tambaya daga wata mai karatu a Kano: Ni dai ban fahimci wasan kurket ba ko kaɗan. Don Allah a yi mini bayaninsa a taƙaice, sannan a gaya mini abin da wannan bawan Allah ya yi a cikinsa da har ake tunawa da shi.

Amsa: Malama, ƙungiya biyu ce ke karawa, kowace da mutum goma sha ɗaya. A tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tsawon yadi 22, a kowane ƙarshensa an kafa sanduna uku da 'yan guntayen itatuwa biyu a ɗore a kansu. Mai jifa yana jefo ƙwallo mai tauri da aka ɗinke da fata don ya kaɗe sandunan, mai bugu kuma yana tsaye a gabansu da faffaɗan katako yana karewa. Idan ya buga ƙwallon ta yi nisa, shi da abokinsa da ke ɗaya ƙarshen sai su ruga su canja wuri, kowane canji maki ɗaya ke nan. Ana fitar da mai bugu idan ƙwallo ta kaɗe sandunansa, ko aka cafe bugunsa kafin ya taɓa ƙasa, ko aka kaɗe sandunan yana tsakiyar gudu. Da zarar an fitar da mutum goma sai ɗaya ƙungiyar ta karɓi bugu, kuma a manyan wasanni kowace ƙungiya tana yin bugu sau biyu. Aikin Lyttelton idan ƙungiyarsa ke jifa shi ne tsaron bayan sanduna, wato ya durƙusa da safar hannu da kariyar ƙwauri yana cafe duk ƙwallon da ta wuce mai bugu, aikin da ke cin yatsu da gwiwa. Ya buga wa Kambirij daga 1876 zuwa 1879, ya zama kyaftin ɗinta a shekarar ƙarshe, ya kuma buga wa gundumar Middlesex har zuwa 1887. Makinsa mafi yawa a bugu ɗaya shi ne 181, wanda ya ci a 1883.

Sau huɗu kawai ya buga wa Ingila babban wasan ƙasa da ƙasa, dukansu da Ostireliya, amma uku daga ciki sun shiga tarihi. Na farko shi ne na watan Satumban 1880, irinsa na farko a ƙasar Ingila, inda shahararren ɗan wasan nan W. G. Grace ya ci maki 152 kuma Ingila ta yi nasara.

Na biyu shi ne na watan Agustan 1882 a Oval, wanda ya fi kowane wasan kurket na wancan ƙarni suna. Ingila tana bukatar maki 85 kacal a bugunta na ƙarshe, abin da kowa ya ɗauka an gama. Sai dai tun kafin nan, a wannan ranar, Grace ya fitar da wani matashin ɗan Ostireliya, Sammy Jones, a lokacin da yaron ya bar wurinsa don ya gyara ƙasar fili yana zaton wasa ya tsaya, kuma wannan ya fusata babban mai jifansu, Fred Spofforth, wanda ake yi wa laƙabi da Aljani. Ingila ta kai maki 51 an fitar mata da mutum biyu kawai, sai al'amari ya fara juyawa, aka fitar da Grace yana da 32. Lyttelton da A. P. Lucas suka tsaya suna karewa, aka yi zagayen jifa goma sha biyu a jere ba a ci ko maki ɗaya ba, dubban 'yan kallo sun yi tsit. Daga nan 'yan Ostireliya suka yi dabara, suka bar ƙwallo ta kuɓuce da gangan don masu bugun su canja wuri, Lyttelton ya dawo yana fuskantar Spofforth. Ba a jima ba Spofforth ya kaɗe masa sanduna yana da maki 12, Ingila tana da 66. Sauran suka zube ɗaya bayan ɗaya, aka gama da su a 77, Ostireliya ta ci da ratar maki 7, Spofforth kuma ya fitar da mutum 14 a wasan baki ɗaya. Bayan 'yan kwanaki jaridar Sporting Times ta buga sanarwar rasuwar kurket ɗin Ingila, ta ce za a ƙone gawar a kai tokar Ostireliya. Ivo Bligh, abokin wasan Lyttelton a Kambirij, ya jagoranci tawaga zuwa can a ƙarshen shekarar da alkawarin dawo da tokar, kuma daga nan ne gasar da ƙasashen biyu ke yi har yau ta samo sunanta na gasar Toka.

Na uku shi ne na 1884, a Oval ɗin dai, kuma shi ne wanda aka fi danganta shi da sunansa. 'Yan Ostireliya sun kafe a bugu, kyaftin ɗinsu Billy Murdoch ya ci 211, wanda shi ne karon farko da wani ya haura 200 a irin wannan wasa. Kyaftin ɗin Ingila, Lord Harris, ya gwada kowa har sai da duk mutum goma sha ɗayan suka yi jifa. Da makin ya kai 532 an fitar da mutum shida, sai ya miƙa wa mai tsaron bayan sanduna ƙwallo. Lyttelton ya cire safar hannu ya ba Grace, bai ko kwance kariyar ƙwaurinsa ba, ya shiga lillo ƙwallon daga ƙasa a hankali, irin jifan da tun a lokacin an ɗauke shi tsohon yayi. Grace ya cafe mutum na farko a bayan sanduna, sauran ukun suka bi, aka rufe bugun a 551, Lyttelton ya tashi da mutum huɗu a kan maki 19. Ya kamata a ƙara da cewa dokar lokacin ba ta ba ƙungiya damar ta ce bugunta ya isa haka ba, ga shi wasan na kwana uku ne, don haka 'yan Ostireliya suna da dalilin yin bugun gangan don su sami lokacin fitar da Ingila. Ba su samu ba, aka tashi babu wanda ya yi nasara. Waɗannan mutum huɗu su ne kaɗai ya taɓa fitarwa da jifa a duk manyan wasannin da ya buga a rayuwarsa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Katsina: A darasin gwamnati an koya mana Tsarin Mulkin Lyttelton na 1954. Shin wannan ɗan wasan ne ya rubuta shi?

Amsa: A'a ɗalibi, na ɗansa ne, Oliver Lyttelton, amma tambayarka ta taɓo rabin rayuwar uban da masu labarin wasanni suka saba tsallakewa. Alfred lauya ne tun 1881, kuma aikin lauya ne ya janye shi daga fili yana ɗan shekara 30. Matarsa ta fari, Laura Tennant, ta rasu a 1886 bayan haihuwa, shekara guda da aurensu, yaron ma bai yi tsawon rai ba. Ya sake aure a 1892, aka haifi Oliver a 1893. Ya shiga majalisar dokoki a 1895, kuma a watan Oktoban 1903, bayan Joseph Chamberlain ya ajiye aiki, Firayim Minista Arthur Balfour ya naɗa shi Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, muƙamin da ya riƙe har Disamban 1905.

Idan ka duba waɗannan shekaru za ka ga inda suka shafe mu. Sojojin Lugard, wato Gwamna Lugga, sun ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli, duk kafin Lyttelton ya hau. Yaƙin Satiru kuma a Fabrairun 1906 aka yi shi, bayan ya sauka. Ba shi ya ba da umarnin waɗannan ba, amma a shekara biyun da ke tsakani, lokacin da ake kafa harsashin mulkin Turawa a ƙasar Hausa, shi ne ministan da Lugga yake aika wa rahoto kuma yake karɓar umarni daga ofishinsa.

Abin da ya ɓata masa suna a Afirka ta Kudu ya faru. Bayan yaƙin Turawan Boer da ya ƙare a 1902, masu ma'adinan zinariya na Transvaal sun rasa leburori, saboda baƙar fata da yawa sun ƙi komawa rami a kan ƙanƙanin ladan da ake biya. Maimakon a ƙara lada, sai Lyttelton ya amince a 1904 a kwaso leburori daga ƙasar Sin a kan yarjejeniyar shekara uku, kuma waɗanda aka kawo sun haura 60,000. An tsare su a cikin shingayen ma'adinai, ba su fita sai da takardar izini, an hana su mallakar fili ko yin wata sana'a, kuma ta bayyana daga baya cewa ana yi musu bulala. 'Yan adawa a Birtaniya suka kira abin bauta, ya zama babban batu a zaɓen 1906 da jam'iyyar Liberal ta lashe da gagarumin rinjaye, Lyttelton kansa ya rasa kujerarsa ta Warwick da Leamington, sai bayan 'yan watanni ya dawo majalisa ta wata mazaɓa a Landan. Abokansa da abokan hamayyarsa duk sun yabe shi da kirki da sanin ya kamata, kuma ba ni da dalilin musa musu, amma ina ganin bai dace a ba da labarin jifansa na 1884 a yi shiru a kan waɗannan leburori ba, domin sa hannunsa ne ya kai su can.

Ya rasu ranar 5 ga Yuli, 1913, yana da shekara 56. Ƙwallo ce ta buge shi a ciki a wani wasan kurket na sada zumunci da ya buga a gabashin Landan, ciwon ya zama ƙurji a cikin cikinsa, aka yi masa tiyata amma bai tashi ba. Firayim Minista Herbert Asquith, wanda yake auren 'yar'uwar matarsa ta fari, ya yi masa yabo mai yawa a zauren majalisa duk da cewa ba jam'iyyarsu ɗaya ba.

Shi kuwa Oliver ya hau kujerar mahaifinsa ta Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka ne daga 1951 zuwa 1954 a gwamnatin Winston Churchill. Bayan ƙudirin da Anthony Enahoro ya gabatar a 1953 na neman Najeriya ta sami mulkin kai a 1956, da gyaran da Sardauna Ahmadu Bello ya kawo cewa a bari sai lokacin da ya dace, da rikicin Kano na watan Mayun 1953, Oliver ya jagoranci taron Landan a wannan shekarar da na Legas a farkon 1954. Tsarin da ya fito daga ciki ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1954, ya mai da Najeriya tarayya, kowace jiha da Firimiyanta, aka kuma ware Legas ta zama ta gwamnatin tarayya.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a zangon Kumasi: Bayan Lyttelton an sami wasu? Kuma zai yiwu a sake samu yanzu?

Amsa: An samu, Alhaji. Maza goma sha biyu ne suka wakilci Ingila a wasannin biyu. Na biyunsu, William Gunn na Nottingham, ɗan albashi ne da ya ci abinci da kurket, ya buga wa ƙasarsa ƙwallo sau biyu a 1884, kuma kamfanin kayan wasa na Gunn & Moore da ya kafa a 1885 yana nan har yau. C. B. Fry ya haɗa da dogon tsalle, inda ya kamo bajintar duniya a 1893. R. E. Foster shi kaɗai ne ya yi wa Ingila kyaftin a duka biyun, ya kuma ci maki 287 a wasansa na farko a Sydney a 1903, ciwon sukari ya yi ajalinsa a 1914 yana da shekara 36. Na ƙarshensu shi ne Arthur Milton na Arsenal, wanda ya buga ƙwallo a 1951 da kurket a 1958.

A ɓangaren maza da wuya a sake gani, domin kakar ƙwallo yanzu tana farawa a Agusta ta kai Mayu, kurket kuma ana yin sa duk shekara a nahiyoyi daban-daban, ga shi babu ƙungiyar da za ta zuba kuɗi a kan yaro ta bar shi ya je ya karya yatsa ko ƙafa a wani wasan. A ɓangaren mata an gani a wannan zamani. Ellyse Perry ta Ostireliya ta fara wakiltar ƙasarta a wasannin biyu a 2007 tana da shekara 16, ta ci ƙwallo a ragar Suwidin a gasar cin kofin duniya ta 2011, amma da wasannin mata suka koma na albashi ita ma dole ta zaɓi ɗaya, ta tsaya a kan kurket.